Kallon tsuntsaye a gaɓar Ada ranar iska: yadda muka bi daga tasha zuwa bakin teku

Wanda ya saba kallon tsuntsaye a fadamun Haɗeja da Nguru, idan ya zo gaɓar teku zai tarar lissafin ya sauya. A Dagona, wurin kallon tsuntsaye a fadamun nan, abin dubawa shi ne watan da ake ciki da yawan ruwan da damina ta bari. A bakin teku kuwa abu uku ne ke juya yinin mutum: cikowar ruwa da janyewarsa, inda iska ta fito, da inda rana take. Mu huɗu muka je Ada Foah a ƙasar Gana cikin hutun ƙarshen Disamba, muka yi kwana biyu, aka yi iska irin mai cire hula. Garin yana kimanin kilomita 100 gabas da Akara, daidai inda kogin Bolta ya faɗa teku. Yamma da shi akwai tafkin gishiri na Songor, ɗaya daga wurare biyar na gaɓar Gana da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu da dausayin duniya a 1992, tare da Keta da Sakumo da Densu da Muni. Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ne ke kula da su. Tsuntsayen ci-rani daga Turai da can ƙuryar arewa suna fara sauka tun Satumba, su zauna har wajen Maris ko Afrilu, don haka Disamba tsakiyar kakarsu ce.

Aikin farko tun a gida ake yin sa, wato duba jadawalin cikowar teku. Ruwa yana cikowa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Jadawalin tashar jiragen ruwa ta Tema shi ne mafi kusa, ana samunsa a intanet kyauta. Abin da ake nema shi ne ranar da cikar ta faɗo da hantsi, domin awa biyu kafin ruwa ya cika ne yake koro tsuntsayen da ke kiwo a laka zuwa kusa da mutum, idan ya cika kuma su taru wuri guda su huta, a ƙirga su cikin sauƙi. Mai bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: ruwa ya fi cika ya kuma fi janyewa a tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha shida, ya fi lafawa wajen kwana 7 da kwana 22. Mu a lafawar muka faɗa. Bambancin ba shi da yawa, tunda duk hawa da saukar a wannan gaɓa bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, amma ya isa ya bar tsibiran yashi a buɗe, tsuntsaye su yi zamansu can nesa. Wani tarko kuma: agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Wayar ɗaya daga cikinmu ba ta sauya lokaci ba, jadawalinsa ya nuna 11:20, na sauran ya nuna 10:20. Sai da dare muka gane, da muka jera wayoyin. Awa ɗayan nan ita ce ainihin lokacin kallon.

Ranar 24 ga wata muka shiga torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, daga tashar Ashaiman da ke kusa da Tema da ƙarfe bakwai na safe, bayan koko da ƙosai. Mota ba ta tashi sai ta cika, mun zauna minti 35. Kowa ya biya sidi 40, kuɗin Gana, a lokacin, aka ƙara mana 10 na jakar ƙafafun babban madubin hange. Hanyar ita ce babban titin da ya nufi Aflawo, a wuce Dawhenya da Sege, a Kasseh a karya dama a yi kudu kamar kilomita 20, a ratsa Big Ada a shiga Ada Foah. Awa biyu da rabi muka yi saboda cunkoson masu tafiya hutu. A riƙe takardar shaida a jiki: ɗan ƙasa katin Gana, baƙo fasfo. A kuma ciro tsabar kuɗi ƙanana tun daga Tema, domin masu kwalekwale da 'yan acaba da yawa suna karɓar kuɗin waya, amma baƙon da ba shi da layin Gana ba zai iya turawa ba.

Dalilin zuwa ranar 24 shi ne ofis. Ranakun 25 da 26 hutu ne na gwamnati, kuma a ofishin namun daji na garin ake samun ɗan jagora da bayanin inda ruwa yake a Songor a wannan makon. Mun isa wajen sha ɗaya, muka jira kamar minti 40, domin daga Oktoba zuwa Maris lokacin da kunkurun teku ke fitowa saka ƙwai ne, ma'aikatan da dare suke sintiri a gaɓa. An ba mu littafi muka rubuta suna da ƙasa da abin da ya kawo mu, muka biya kuɗin shiga da na jagora, aka yanka mana rasit. Kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, ɗalibi mai kati yana samun ragi. A ajiye rasit ɗin, ana iya tambayarsa a hanya. Tambayoyi uku suka fi amfani: wane gefen tafkin ne ke da ruwa yanzu, ina ne ba a shiga, kuma ƙarfe nawa jagora zai iya fitowa ranar hutu. Ta biyun tana da nauyi, saboda wasu filayen gishirin suna hannun kamfani, wasu kuma mutanen ƙauyuka suna ɗaukar su wurare masu alfarma. Ba wurin da baƙo zai kutsa da na'ura a kafaɗa ba ne.

Da la'asar muka gangara bakin kogi cinikin kwalekwale. Na farko ya ce sidi 400 na awa biyu, sai ga shi yawon shaƙatawa yake nufi: a zaga tsibirai da kiɗa a dawo. Wani dattijo mai sayar da tsire, Bahaushe mazaunin garin, ya ji muna ja-in-ja ya ce, "Malam, ku ba gudu kuke so ba, tsayawa kuke so. Ku nemi mai kamun kifi, shi ya san kashe inji." Muka ce, "Baba, ko za ka haɗa mu da wani?" Ya aiki yaro ya kira wani masunci, aka daidaita a 280, rabi kafin tashi rabi bayan dawowa. Sharuɗɗan da ya kamata a faɗa tun a bakin ciniki su ne: rigar ruwa ga kowa, a gan ta da ido a gwada igiyoyinta, kashe inji duk inda aka ce, ba kiɗa, kuma ba za a kusanci mahaɗar kogi da teku ba. Wurin nan igiyar teku da ƙarfin kogi suke karo, ranar iska ko masuntan ba sa wasa da shi.

Washegari mun yi asuba wajen ƙarfe biyar, muka kai gaɓa kafin rana ta fito da shida da 'yan mintuna. A nan ne maganar iska ta fara. Gaɓar Gana kudu take fuskanta. A Disamba da Janairu hunturu yana gangarowa daga arewa maso gabas, bai kai na Kano sanyi ba, amma yana kawo hazo. Da safe shi ke kaɗawa, kuma rana ma daga gabas take. Tsuntsun da ya sauka hutawa kullum iska yake fuskanta, don kada ta tayar masa da gashi, idan zai tashi ma cikinta yake tashi. Saboda haka wanda ya tsaya gabas da garken, ɗan sama a kan tudun yashi, ya sami abu uku lokaci guda: rana a bayansa, iska a bayansa ba yashi a ido, tsuntsaye kuma sun juyo masa fuska da baki, waɗanda su ne ake gane iri da su. Mun yi awa biyu a haka, shi ne mafi kyawun lokacin tafiyar. Masu ba da kallo su ne 'yan ƙananan nan farare-farare da ake kira sandalin, masu bin igiya da gudu idan ta koma, su juyo da gudu idan ta dawo, ƙafafunsu baƙaƙe ba a ma ganin motsinsu. Nauyin ɗaya a wannan lokaci bai cika wuce giram 60 ba, amma wasunsu daga Girinlan, can ƙuryar arewa, suke zuwa. A kan duwatsun da aka jibge don tare zaizayar teku akwai masu jan ƙafa da ke kifar da tsakuwa da baki suna neman abinci. Sama kuma shirwa ce ke shawagi, irin wadda ke cika garuruwan arewa da damina, rani ya yi ta gangaro kudu.

Game da kayan aiki, madubin hange mai lamba 8x42 ya fi 10x42 a irin wannan rana. Lambar farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Duk abin da ya ƙara kusanto da tsuntsu yana ƙara girgizar hannu, iska kuwa tana ninka ta. Dabarar ita ce a zauna ƙasa, a ɗora gwiwar hannu kan gwiwar ƙafa, ko a jingina da kwalekwalen da aka ja tudu. Babban madubi mai ƙafa uku kada a miƙe ƙafafunsa duka: a bar siraran na ƙasa a ciki, a danna su cikin yashi, kada a ɗaga sandar tsakiya, a rataya jaka mai ruwan leda huɗu ko biyar a ƙugiyarsa, jakar tana taɓa ƙasa don kada ta yi lilo. A tsaya a kusantowa 20 zuwa 30. Idan aka kai 60, hazo da girgiza da tururin zafi kawai ake gani. Namu ya kife sau ɗaya, lokacin da aka juya baya ana zuba shayi. Yashi ya shiga zoben saiti, ya yini yana gurzawa.

Da takwas da rabi muka shiga kwalekwale, awa biyu kafin cikar ruwa. Cikin kogi tsibirai da itatuwan bakin ruwa suna kare iska, abin ya zo da sauƙi. Yadda ake tunkarar tsibirin yashi shi ne a kashe inji daga nisan mita 150, a bar ruwa da iska su kai jirgin a karkace, ba a miƙe ba, kowa a zaune. Idan tsuntsaye suka daina gyaran gashi suka ɗaga kai, ko na gefe suka fara takawa, an isa, a saki anga. Mun tsaya kamar mita 70. Garken duk tan ne, wato fararen tsuntsayen teku masu tsinin baki da wutsiya mai reshe biyu, kuma a ido ɗaya duk kamarsu ɗaya. Baki ne ke raba su. Mafi girma mai kaurin jan baki shi ne na Kasfiyan. Mai bi masa, bakinsa ruwan lemo. Sai matsakaici mai baƙin baki da ɗigon rawaya a tsini, wanda sai madubi ya tsaya cak ake ganin ɗigon. Sai ƙanana masu baƙin baki da duhu a kafaɗa, su ne suka fi yawa. Cikinsu akan sami wani iri mai wuyar samu da ke hayayyafa a tsibirin Rokabil na ƙasar Ayalan ya yi hunturu a Gana. Saboda shi ne aka fara shirin ceto tsuntsayen gaɓa a ƙasar a 1985, lokacin da yara ke kama su da tarko a bakin ruwa. Ba mu sa shi a lissafinmu ba, domin da hazo da rawar jirgi ba a rantsuwa a kansa. Wanda ba a tabbatar ba, a rubuta "tan, ba a tantance ba".

Ƙirga garke ba ɗaya-ɗaya ake yi ba. A ƙirga goma na gefe sosai, a riƙe faɗinsu a ido, a riƙa aza shi a kan sauran: goma, ashirin, talatin. Garke babba a yi da hamsin-hamsin. Mutum biyu su ƙirga kowa shi kaɗai, sannan a gwama. Na farko ya sami 340, na biyu 390, muka sake, muka tsaya a 360. Sabon shiga kusan kullum yana ragewa, saboda ranar iska tsuntsaye suna matsuwa, na baya suna ɓuya a bayan na gaba. Mun gama kenan wani babur ɗin ruwa na masu hutu ya keto, garken ya tashi gaba ɗaya, bai sake sauka a wurin ba. Haushi ba ya magani, ranar hutu ce, kogin na kowa ne. Abin yi shi ne a gama da wuraren da jama'a ke zuwa kafin goma na safe. Kada kuma a tsoma ƙafa a ruwan kogin can sama inda ba gishiri, yankin Bolta an san shi da tsargiya. A riƙe ruwan alwala a gora.

Kuskurenmu babba da rana ya zo. Bayan azahar da shinkafa da wake muka hau acaba zuwa Pute, gefen gabas na Songor, sidi 30 kowa, muka isa wajen biyu da rabi. Muna zaton safiya za ta maimaita kanta. Ashe tun kafin azahar ƙasa ta yi zafi, iskar teku ta karɓe daga kudu maso yamma, tana ƙaruwa har la'asar. Manhajar yanayi ta nuna kilomita 30 a awa, bugu-bugu har 40, ko ba manhaja ma farin kumfa da ya cika saman teku can nesa da gaɓa ya isa shaida. Mu kuma muna gabas da ruwan muna kallon yamma: rana a ido, iska a ido, tsuntsaye sun ba mu ƙeya. Duk abin da ke cikin ruwan ya zama baƙin zane. Feshin gishiri ya rufe gilashi cikin minti goma. Wani abin da ba mu lura ba shi ne jadawalin teku ba ya aiki a Songor, domin tudun yashi ya raba shi da teku, ruwansa da damina yake ƙaruwa, da rani ya ƙafe. Bakin ruwan ya ja baya ɗaruruwan mitoci, tsakani kuma laka ce mai busasshen ɓawo a sama. Ɗayanmu ya taka gefen sawun jagora, ya nutse har gwiwa, takalmi ɗaya ya zauna can. A bi sawun jagora ko hanyar masu ɗiban gishiri, ba inda ido ya ga ya bushe ba.

Jagoran ne ya ceto yinin. Ya ce mu bar fili mu zaga bayan wata gargada ta kududdufan gishiri, inda tudun ya kare iska. Nan ƙananan tsuntsayen duk suka tattaru, abin da ya kamata mu sani tun farko: iska ba ta korar su, ɓuya take sa su, a gefen da tudu ko ciyawa ko bango ya tare. Muna zaune a ƙasa, nisan mita 30, muka ga masu dogayen jajayen ƙafafu kamar 'yan kan sanda, da masu koren ƙafa da baki ya ɗan ɗaga sama, da wimbirel mai lanƙwasasshen baki da zane a ka, da wasu da ba su fi gwara ba suna tsattsagar laka kamar keken ɗinki. Akwai zalɓe, akwai balbelar teku mai launin toka da farin maƙogwaro. Sai baƙar balbela mai rawayan yatsu: ta taka uku, ta watsa fukafukanta gaba ta rufe kanta ruf kamar laima, ta daƙiƙa biyu ko uku, ta soki kifin da ya shigo inuwar, ta miƙe, ta sake. Iska ta sha karkatar da laimar, sai ta juya mata baya ta ci gaba.

Ranar 26 muka juya tsarin, kuma shi nake ba kowa shawara. Songor da asuba, daga gefen gabas, shida zuwa tara, rana da hunturu a baya, laka ba ta fara tururi ba. Cikar teku ta koma sha ɗaya da minti goma, don haka mun dawo gaɓa a kan lokaci, muka yi nesa da wuraren shaƙatawa da tafiyar minti 20 a ƙafa. Da la'asar, maimakon yaƙi da iskar teku, sai a yi amfani da ita: a zauna a jikin kwalekwale ko bango, a fuskanci kudu maso gabas, a kafa madubi wuri ɗaya a bar tsuntsaye su ratsa ta cikinsa, domin iskar da ke bugowa daga teku tana matso da masu shawagi kusa da gaɓa. Lokacin da masunta ke jan koma ko sauke kifi shi ne tan suke cika sama. A yawancin garuruwan masunta na gaɓar Gana ba a fita teku ranar Talata, mai son wannan kallo ya kauce mata. Irin da muka tabbatar a kwana biyun 41 ne, fiye da rabinsu a safiya biyun aka same su. Kuɗin kowa, har da ɗakin kwana biyu da abinci, ya tashi kusan sidi 700. Kayan da suka yi rana: hula mai igiya, tabarau, rawani ko gyale na rufe hanci, takalmin roba mai ɗauri, fensir maimakon biro, ƙaramin littafi da roba ta ɗaure shafukansa, da ruwa lita biyu ga kowa. Babban littafin hotunan tsuntsaye a bar shi cikin jaka, iska ba ta bari a buɗe shi.

Daren dawowa a wanke kaya, kada a bari sai gobe, gishiri yana jan laima ya ci ƙarfe. Gilashi a fara hure shi ko a kakkaɓe da burushi mai laushi, sannan a ɗiga ruwa mai tsabta gishirin ya narke, sannan a goge da ƙyallen tabarau daga tsakiya zuwa gefe. Gogewa da bakin riga tun a gaɓa ita ce ke kashe madubi, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce rufin gilashin. Ƙafafun babban madubin a zare su duka a ɗauraye, a shanya a inuwa. Sai a shigar da lissafi a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke zuba abin da suka gani, kowane wuri da jerinsa, da lokacin farawa da tsawon zama da nisan da aka taka, kada a haɗa gaɓa da kogi da Songor a jeri guda. Idan an ga tsuntsu da zoben roba mai launi, irin wanda masu bincike ke sa wa ƙafarsa don bin tafiyarsa, a rubuta a wurin: ƙafar hagu kafin ta dama, daga sama zuwa ƙasa, sama da gwiwa ko ƙasa da ita, da harufan da ke jiki idan sun karantu. Mun ga sandalin ɗaya mai zobba, muka rubuta uku, igiya ta taso ya ruga kafin a ga na huɗu, kuma masu binciken ba sa iya gane tsuntsu sai da zobbansa cikakku.